Kwarin Nagode

A ɗakin kakata, can Bilbis cikin Tawa,
akwai wani kwari rataye bayan ƙyaure.
Fatarsa ta daddare kamar bakin tabki da bazara.
Mazari uku ke ciki, da tsinken kitso.
Ina yarinya na ɗauka don su aka ɗinka shi.

Sai daren da zan tafi aikin soja
tsohuwa ta sauko da shi, ta hure bakinsa,
ta ce, “Sansana.”
Ɗacin kwankwani bai gama fita ba,
ko kuwa hancina ne ya ƙaga.

Ta ce na kakar uwarta ne.
Nagode ake kiran ta, sunan da mai saye ya zaɓa.
Na yanka ya faɗi a hanya,
tsakanin wata rijiya da wata kasuwa,
ba wanda ya koma tsinta.

Shekarar da mahara suka kwashe awakin dutse
aka buga ganga: kowane gida namiji ɗaya.
Ubangijinta ɗa guda gare shi, Ɗan Tunau,
mai tari, mai jin tsoron haushin kare.
Sai aka dubi baƙar baiwa tana dakan gero,
tabarya na tashi sama da kanta
tana tafi biyu kafin ta cafe.
Aka aske ta. Aka ɗaura mata warki.
Aka ce in an kira Ɗan Tunau ki amsa.

Damina bakwai tana amsawa.
Ta koyi kwana a tsaye jikin gawo,
ta koyi jin kofato da kunne a ƙasa,
tsarkiya ta cinye mata fatar yatsa
har ya daina jin zafin tukunya.
A wani kwazazzabo da ba a faɗa mini sunansa ba
ta tare hanya da kibiya goma sha ɗaya
har mata da goyo suka haye tudu.
Can mashi ya yage rigar daga kafaɗa,
mazan da ke gefenta suka ga abin da suka gani.

Ba wanda ya yi magana sai ranar rabo.
Mai raƙumi ya ja raƙumi, mai sa ya ja sa.
Ta miƙa hannu, hannun nan mai kanta.
Wani dattijo ya gyara zama, ya ce,
“Ganima ba ta cin ganima.”
Aka yi dariya. Rabonta ya bi ta gida,
ya wuce ta, ya shiga garken ubangijinta.

Maroƙi kuwa ya wasa Ɗan Tunau:
bijimin kwazazzabo, mai goma sha ɗaya!
Jikokinsa har gobe da kirarin suke aure.
Ita ta koma turmi.
In ana kirarin, ba ta ɗaga kai,
sai dai dakan ya ƙara nauyi,
geron ranar ba ya son tankaɗe.

Yau sunana ɗinke yake a ƙirjina,
Tasalla, da zare baƙi, kowa na karantawa.
Albashina hannuna yake zuwa.
Amma jiya a tasha wani mai albasa
ya dubi takalmina, ya dubi fuskata,
ya ce, “Kakin maigidan ne kika ara?”
Na saya tiya guda, ban ce masa komai ba.

Na nemi kabarinta, an ce gona ta ci shi.
Na duba takardun da ke ajiye a Yamai,
akwai sarakai, akwai dawaki, akwai farashin gishiri.
Ba ta ciki.

Don haka kullum da asuba, in ana kiran suna,
in na ce “Ga ni,”
nakan ɗan ja shi kaɗan, ya ishi mutum biyu.
Kofur ya sha tambaya ko mura nake.